Fistol, mai famfo ko mai baki ɗaya: kafin ka sayi bindiga a Kumasi

Ɗan yayata da ke zaune a Amurka ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp. Wani Bature ne a garejin gidansa, ya ɗaure na'ura a jikin tebur, yana jan hannunta harsasan fistol suna faɗowa cikin kwano ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan bidiyon ya rubuta: "Kawu, in na zo gida da babbar sallah sabuwar Glock zan saya, kuma zan taho da irin wannan injin mu huta da sayen harsashi." A daren na kira shi, muka fi awa guda muna magana. Abin da na gaya masa shi nake so in rubuta a nan, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Matasanmu da yawa a unguwannin Kumasi irin su Aboabo da Asawase da Sawaba suna kallon irin waɗannan bidiyoyi, suna ɗauka abin da ya halatta a can ya halatta a nan.

Ni manomin masara ne. Iyalina suna Aboabo, gonata tana wajen Ejura, kuma na daɗe ina riƙe da bindiga da lasin gwamnati saboda ɓarnar namun daji da kwanan gona lokacin girbi. Ban taɓa sayar da bindiga ba, ba ni da shago, ba ni da kamasho a wurin kowa.

Mu fara da injin cika harsashi, tunda shi ya ɗauke hankalin yaron. A Amurka sana'ar nishaɗi ce sananniya. Mutum ya tara kwanson da ya harba, ya sayi kayan aiki na kamfanoni irin su Lee ko RCBS ko Dillon, ya sake cika abinsa don amfanin kansa, doka ba ta hana shi ba a mafi yawan jihohinsu. A Gana kuwa wannan aiki sunansa ƙera harsashi, kuma dokar makamai ta 1972, wadda ake kira NRCD 9, ta hana kowa ƙera makami ko harsashi sai da rubutaccen izinin gwamnati. Lasin riƙe bindiga bai ba ka wannan izini ba. Sannan sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sa mallakar bindiga ko harsashi ko abin fashewa ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuka masu daraja ta ɗaya. Wato wanda aka kama da albarushi da injin cikawa a ɗakinsa a Zongo, ba tarar kuɗi zai fuskanta ba, shekaru ne a kurkuku. Ko a can inda aka halatta, kamfanonin bindiga da yawa, har da Glock, sun rubuta a takardunsu cewa kada a yi amfani da harsashin da aka sake cikawa, in an yi kuma babu ruwansu da abin da ya biyo baya.

Ni ba doka ce ta fara koya mini wannan ba, hannun ƙanena ne. Wata shekara harsashi ya yi tsada ana dab da girbi, sai wani mutum ya kawo mana a baƙar leda, ya ce ragowar wani mafarauci ne, ya sayar mana ƙasa da rabin kuɗin shago. Lokacin bindiga mai famfo muke da ita, wadda ake jan mariƙinta na gaba baya da gaba ta ɗura sabon harsashi. Ƙanena ya fita da asuba saboda aladun daji, ya harba na farko sai ya ji ƙarar ba ta kai ba, wani ɗan "fus" kawai. Bai tsaya ba, ya ja famfo ya sake harbawa. Ashe na farkon albarushinsa bai isa ba, tarkacen cikinsa ya maƙale a tsakiyar bututu, na biyun ya zo ya tarar da hanya a toshe. Bututun ya tsage daidai inda hannunsa na hagu yake riƙe. Yatsu biyu suka tafi, na uku har yau ba ya lanƙwasuwa. Ni na ɗauko shi a bayan babur zuwa asibiti, jininsa ya jiƙa mini riga har ƙugu. Da muka yanka sauran harsasan muka duba, wani cike yake fam, wani rabi, wani ma ƙusoshi aka sassara aka zuba a madadin dalma. Tun daga ranar ma'aunina na bindiga ya koma guda biyu: wace ce zan iya ganin cikin bututunta kafin kowane harbi, kuma wace ce zan samu harsashinta na kamfani a shago mai lasin ba tare da na roƙi kowa ba.

Da wannan ma'auni fistol ta faɗi tun a zagayen farko. Ba na cewa ba ta da kyau. Glock 17 ta ƙasar Austiriya ta fito a 1982, ƙanwarta Glock 19 mai ɗaukar harsashi 15 ta biyo baya a 1988, kuma 'yan sanda da sojoji a ƙasashe da dama sun yarda da su. CZ 75 da Beretta 92 ma ƙarfe ne na gaske, Taurus ta Brazil kuwa ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi. Amma takardar neman fistol ba a ofishin 'yan sandan unguwa take ƙarewa ba, sai ta dangana da Ma'aikatar Cikin Gida a Accra, kuma sai ka kawo dalili mai ƙarfi. In ma ka samu, harsashin milimita 9 ba abin da za ka shiga shago ka saya yadda ka ga dama ba ne, nan ne mutane ke fara leƙa bayan fage, nan ne kuma tunanin cikawa a gida ke shigowa. Ga ta ƙarama, tana shiga ƙarƙashin matashi da aljihun riga, yaro ɗan shekara biyar zai iya ɗaga ta. A gidan haya irin namu na Zongo, inda tsakar gida ɗaya ke da yara ashirin, wannan kaɗai ya ishe ni dalili. Libarba ma haka, ba na ɓata lokaci a kanta.

Mai famfo ita ce abin yayi yanzu, kowane mai gidan mai da mai shagon gwal ita yake nema. In lalle sai ita, to a tsaya a kan Mossberg 500 ko ƙanwarta mai sauƙin kuɗi Maverick 88, ko Remington 870 da ake ƙerawa tun 1950. Na Turkiyya sun cika kasuwa, wasu suna da kyau, wasu kuwa in wani ƙarfe ya karye a ciki sai ka jingine ta. Aibinta a wurina shi ne saurinta. Hannu yana riga hankali, kamar yadda ya faru da ƙanena. Mai baki biyu kuma kyakkyawa ce, amma mai kyau tana da tsada, mai araha bakunanta biyu ba sa kai harbi wuri ɗaya.

Tawa ita ce mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi guda, musamman Baikal ta ƙasar Rasha. A birnin Izhevsk ake ƙera ta tun shekarun 1960, da sunan IZH-18, yanzu kuma za ka ga an rubuta MP-18 a jikinta. Tsofaffin mafarautan Ejura da na Afram Plains sun san ta kamar yadda suka san addarsu. Akwai ɗan ƙarfe a bayan kariyar kunama, in ka matsa shi sai ta karye, bututun ya buɗe a gabanka. Ka ɗaga shi sama ka ga haske ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan, ka tabbata babu laka, babu gidan zanzaro, babu tarkacen harbin baya, sannan ka sa harsashi. Bindigar da kanta take tilasta maka wannan dubawa, domin ba yadda za ka yi harbi na biyu ba ka buɗe ta ba. Da ita ce a hannun ƙanena ran nan, da yatsunsa suna nan.

Ban da wannan, kayan cikinta kaɗan ne, abin da zai lalace bai da yawa. Ba ta kai kilo 3 ba, za ka yini da ita a kafaɗa kana zaga gona. Cikin bututunta an shafe shi da wani farin ƙarfe mai hana tsatsa, wanda duk wanda ya san raɓar Kumasi da damina biyu a shekara zai gane amfaninsa. In za ka ajiye ta, ka raba ta gida uku cikin minti ɗaya, ka kulle bututu daban. In baƙo ya shigo gona ya gan ta a karye a hannunka, ya san ba ta da haɗari, kai ma hankalinka a kwance. Harsashinta lamba 12 ne, wanda shi ne ake samu a kowane shago mai lasin, ko AA ko BB yadda muke kiransu a nan gwargwadon girman ƙwayoyin dalmar cikinsu. Aibinta biyu ne kuma ba zan ɓoye ba: tana dukan kafaɗa saboda rashin nauyi, kuma harbi ɗaya ne sai ka sake ɗurawa. Masu cewa harbi ɗaya ba ya korar 'yan fashi, ina ce musu ni ban sayi bindiga don yaƙi ba. Gona nake tsarewa, gyazbi da alade nake kora, kuma ko wannan sai na kiyaye lokacin da hukumar namun daji ke rufe farauta, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba.

Abu ɗaya da za ka duba ko wace iri ka zaɓa: a jikin bututu an rubuta tsawon harsashin da take ɗauka, milimita 70 ko 76. Dogon harsashi yana shiga gajeren ɗaki (wato mazaunin harsashi a gindin bututu) lafiya lau, amma in ya tashi buɗewa ba shi da wuri, ƙarfin sai ya koma kan ƙarfen. Karanta kwalin harsashi, karanta jikin bindiga, su dace.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, ɗan'uwa, domin a nan ake cin mutane. Harsashin da aka sake cikawa yana da alamu. Bakinsa ba ya naɗuwa daidai kamar na kamfani, wani lokaci za ka ga an toshe shi da kakin kyandir ko guntun kwali. Jan ƙarfen gindinsa yana da ƙarce-ƙarce na bindigar da ta riga ta harba shi. A kwali ɗaya sai ka ga ja da kore da shuɗi a gauraye, ko kwalin an manne shi da salatif. Duk wanda ya kawo maka harsashi a leda, a tasha ko a bayan kasuwa, ko da ɗan unguwarku ne kuna sallah sahu ɗaya, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka wuce. Araha ba ta ado.

Fistol ɗin bayan fage ta fi wannan muni. Akwai bindigogin ƙara da ake yi a Turkiyya, waɗanda aka ƙera don su yi tsawa kawai ba don su fitar da harsashi ba. Ƙarfensu mai taushi ne. Wasu marasa tsoron Allah suna taɓa su, su sayar wa mutum a matsayin fistol ta gaske, ranar da ya harba ta tarwatse masa a fuska. Akwai kuma aikin maƙera na gida da ake gogewa a shafa baƙin fenti, a buga sunan kamfanin Italiya ko na Amurka a jiki. Maƙeranmu gwanaye ne, wanda ya taɓa shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, ya san babu abin da hannun ɗan Gana ba zai kwaikwaya ba, amma bututun bindiga sai an gwada shi da matsin da ya fi na harbi kafin a sayar, kuma wannan gwaji babu shi a maƙera. Bindigar da aka kankare lambarta kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka taɓa. Ba ka san gawar da ke bayanta ba, kuma ranar da aka same ta a hannunka kai ne mai amsawa.

Sai 'yan goro, masu tsayawa a bakin ofisoshi suna cewa sun san wani babba a ciki. Wani maƙwabcina ya ba irinsu kuɗi ta MoMo, aka kawo masa takarda mai tambari da sa hannu, ya riƙe ta shekara biyu yana murna. Ranar da ya je sabuntawa aka duba rajista babu sunansa, babu lambar bindigarsa. Da ƙyar da taimakon lauya da dattawan unguwa ya fita, bindigar kuma ta tafi. Haka masu talla a Facebook da TikTok, su nuna hoton Glock a kan gado su ce ka tura rabin kuɗi. Hanya ɗaya ce: ka je da ƙafarka sashen makamai na 'yan sanda, ka cika takarda, a ɗauki hoton yatsunka, a bincike ka, a ba ka izinin saye, sannan ka je wurin dillali mai lasin ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar bindigar, ka koma a yi mata rajista. Lasin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ba a ara wa aboki, kuma ta gado ma sai an sauya suna a hukumance, ba a cewa ai ta Baba ce. Yana ƙarewa ran 31 ga Disamba kowace shekara, ko a wane wata ka karɓa. Kuma tunda gwamnati ta buɗe wa'adin miƙa bindigogi marasa rajista a Disamban 2025, ƙarƙashin Ministan Cikin Gida Muntaka Mubarak, ɗan majalisarmu na Asawase, ka fara tambaya a ofis ko wane sharaɗi ne ke aiki yanzu kafin ka ba kowa ko sidi ɗaya.

Kafin bindigar ta shigo gida, akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya riga ta shigowa. Ni nawa wani mai walda ya yi mini, na sa aka ɗaure shi da bango, harsashi kuma yana wani wuri daban da mabuɗi daban, ko uwargida ba ta san inda na biyun yake ba.

Ɗan yayata ya yi shiru da na gama, sannan ya ce, "To Kawu, me zan kawo?" Na ce ya bar injin a can wurin masu shi. Ya taho da abin toshe kunne guda biyu da tabarau na kariya, ya zo da katinsa na Gana. In ya huta gajiyar hanya za mu je ya gaida kawunsa ƙarami ya ga hannun da idonsa, washegari in raka shi ofishin 'yan sanda ya karɓi takardar cikawa.