Derrick Thomas ko Cornelius Bennett: Wa Ya Fi a Alabama?

A ƙwallon Amurka, mai tsaron bayan layi (linebacker), wato wanda ke tsayawa a bayan sahun farko na masu tsaro, shi ne ƙashin bayan masu tsaro, kuma magoya bayan Jami'ar Alabama sun daɗe suna gardama kan wanda ya fi tsakanin mutum biyu da suka buga wa jami'ar a wannan matsayi.

Cornelius Bennett ya buga daga 1983 zuwa 1986. Ba inda ba ya isa a fili: ya tare mai gudu da ƙwallo, ya rutsa mai jefawa. Ya ci kyautar Lombardi, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan ƙwallon jami'o'i, a 1986, shekarar da ya kai Steve Beuerlein, mai jefa ƙwallon Jami'ar Notre Dame, ƙasa, kayen da har yau ake labarinsa a Tuscaloosa, garin da Jami'ar Alabama take.

Derrick Thomas kuwa aiki ɗaya ya riƙe, ya ƙware a kansa fiye da kowa. A 1988 kaɗai sau 27 ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya saki, ya ɗauki kyautar Butkus ta gwarzon masu tsaron bayan layi. Takunsa na farko kamar walƙiya ne, kafin mai tare shi ya miƙe ya riga ya wuce. Allah bai yi masa tsawon rai ba, ya rasu a 2000 bayan haɗarin mota.

Bennett ya fi cika ta kowane fanni, ban musa ba. Amma ni Thomas nake zaɓa, domin sai an ware mutum biyu su tare shi, sauran abokan wasansa su samu sarari.