Hasken da ake aunawa da daƙiƙa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali.

Ka ce in yi maka bayanin gashin hasken nan da ake min a asibiti, har kana tsokanata wai na baro rana kyauta na zo Ingila ina bin layin fitila.

Ciwon nawa sunansa soriyasis, kuma ba a ɗaukarsa a jikin wani. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, sai fata ta riƙa sabuntawa cikin kwana 3 zuwa 7, alhali ta mai lafiya tana ɗaukar mako 3 zuwa 4. Shi ya sa take taruwa ta yi ɓawo, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Hasken yana kwantar da wannan rikicin, ya rage wa fatar gaggawa. Ana yi wa masu kirci mai taurin kai, da waɗanda fatarsu ke yin dabbare-dabbaren fari.

A nan ba a zuwa kai tsaye. Likitan unguwa zai fara ba ka man shafawa, sai abin ya gagara sannan ya tura ka wurin likitan fata. A ƙarƙashin NHS, wato tsarin asibitocin gwamnati na nan, ba a karɓar ko sisi don ganin likita ko gashin hasken, amma jiran layin sai mai haƙuri. Wajen ganin likita da wuri kam, in da kuɗi a hannu, gida ya fi sauƙi.

Na'urar wani ɗan akurki ne a tsaye, dogayen ƙwayayen fitila sun kewaye shi ta ciki. Ka tuɓe, ka sa tabarau, namiji ya rufe al'aurarsa, nas ta rufo ƙofa ta danna lamba. Fanka na ƙugi, ɗumi na ratsa ka, kafin ka gyara tsayuwa an kashe. Ranar farko ko minti ɗaya ba a cikawa. Sau 2 ko 3 ake zuwa a mako, har wajen wata biyu, kowane zuwa ana ƙara 'yan daƙiƙu. Kafin ta ƙara sai ta tambaya ko fata ta yi zafi bayan na ƙarshe, kuma dole ka faɗi gaskiya, domin mu baƙaƙe jan ƙuna ba ya nunawa sosai a jikinmu. Na ƙara duhu, kar ka firgita in ka ga hotona.

Batun rana kuwa, kana da gaskiya rabi. Niels Finsen na Denmak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1903 kan jinyar tarin fuka na fata da haske, shi ma ya yi amfani da rana kafin ya dogara da fitila. Matsalar rana ita ce komai a cakuɗe take kawo shi, kuma ƙarfinta na hantsi daban da na azahar. Fitilar asibiti siririn yanki kawai take fitarwa na UVB, wani haske da ido ba ya gani, wato nanomita 311 zuwa 313 a ma'aunin haske, kuma duk abin da aka ba ka yana rubuce a fayil. Wannan lissafin ne ya fi burge ni, fiye da na'urar.

Akwai mai ƙarfi da ake kira PUVA, inda ake shan ƙwaya awa 2 kafin a shiga, a wuni da baƙin tabarau. Ita ana ƙirga ta sosai saboda haɗarin kansar fata.

Shagunan da Turawa ke kwanciya a gadajen fitila don su yi duhu ba jinya suke yi ba, tun 2009 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gadajen nan cikin abubuwan da ke jawo kansa. Don haka fitilar da ka gani a intanet ka ce in aiko wa abokinka, ba zan saya ba sai likitan fata ya duba shi ya tsara masa adadi. Ka kuma gaya masa ba warkewa ake yi gaba ɗaya ba, ciwon lafawa yake yi na watanni, yana iya dawowa.

A gaida Mama da yara.