Marsandin Baba da gwanjon intanet: wata uku ina bin farashi

Da ba don rabon gado ba, da har yau ban san akwai mutanen da ke zaman jiran agogo suna taya tsofaffin motoci a intanet ba. Allah ya yi wa Baba rasuwa bara, ya bar gida a Aboabo, da shago a Alabar, duk a nan Kumasi ta ƙasar Gana, da Marsandi 240D ƙirar 1982, mai shan dizal, wadda ta shekara shida a ƙarƙashin rumfar kwano kaji na kwana a inuwarta. Gida da shago ba su ba mu wahala ba, an san masu yi musu kuɗi. Motar ce ta tsaya mana a maƙogwaro.

Ƙanena da ke zaune a Nima shi ya tayar da ƙurar. Wata rana da daddare ya turo hoto a zauren WhatsApp na 'yan gida: mota sak ta Baba, har launin madarar, an rubuta mata dala 45,000 a wani shafin talla. Ya biyo da murya. "Yaya, don Allah kada ku sallamar da motar nan a banza. Kuɗinta sun fi na shagon." Kafin gari ya waye ƙannena mata biyu sun lissafa rabonsu a sidi. Malamin da aka ɗora wa rabon bai ja magana ba, cewa ya yi a kawo masa kuɗin da za a sayi motar yau, shi ba ya raba fata. Da yake ni ne babba, kuma ni ne mai ɗan karambanin kwamfuta, sai aikin ya faɗo kaina.

Shafin da na fi daɗewa a kai shi ne Bring a Trailer na Amurka, wanda ya soma a 2007 yana nuna tallan motocin wasu, ya koma yin gwanjo da kansa a 2014. Kallo kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba. Mai son tayi ne ake neman katin bankinsa. Kowace mota takan yi kwana bakwai a kasuwa, kuma in wani ya taya a cikin minti biyun ƙarshe sai a ƙara lokaci, a yi ta ƙarawa har ɗaya ya gaji. Wannan tsarin ya burge ni, don ya toshe hanyar mai laɓewa ya jefa tayi a daƙiƙar ƙarshe ya wuce da kaya. Mai saye yana biyan la'adar kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin motar. Da yake muna gaban Kalifoniya da awa bakwai ko takwas, rufe ciniki yakan zo mana daga wajen magariba zuwa bayan isha'i, daidai lokacin da na rufe shago na zauna da kofin shayi.

Abu mafi amfani a shafin ba motocin da ake kan tayawa ba ne, tsofaffin cinikin da aka adana ne. Ka rubuta W123, wato sunan da kamfani ya ba wannan zubin na Marsandi, sai ga jerin waɗanda suka shiga gwanjo shekara da shekaru, kowace da ranarta da kuɗinta. A nan na koyi bambance abu uku da ƙanena ya haɗa ya dama. Akwai kuɗin da mai mota ya rubuta a talla, wanda bakinsa ne kawai, yana iya cewa ko nawa. Akwai inda tayi ya tsaya mai mota ya ce albarka, saboda bai kai ƙaramin kuɗin da ya ɓoye a wajen masu shafin ba. Sannan akwai wanda aka sallama aka biya. Shafin yana rarrabe na biyu da na uku a fili, kuma na ukun nan kaɗai ne zan iya kai wa Malam ban ji kunya ba. Duk dillalin shanu ya san wannan tun kafin a ƙirƙiro intanet, amma da zarar mutum ya ga alamar dala a fuskar waya sai ya manta.

Na biyu a amfani shi ne surutun da ke ƙasan kowace mota. Ban taɓa ganin 'yan sa-ido irin waɗannan ba. Mai mota zai sa hoto ɗari biyu ko fiye, da bidiyon tayar da inji da sanyin safiya, amma sai wani ya ce a ɗaga kafet a nuna masa ƙasa, wani ya ce a ciro batir a ga farantin da yake zaune a kai, wani ya tambayi me ya sa fentin ƙofar baya ya ɗara na gaba haske. Raminan da ake sa jak su ne wurin da suka fi bi, don nan tsatsa ke fara cin wannan zubin. Da farko na ɗauka hassada ce. Daga baya na gane su ne suke hana cinikin zama na biri a sama, tunda mai saye yana iya kasancewa a wata jihar da ba zai taɓa shafa motar da hannu ba. Sai dai a shirya wa data. Mota biyar za ka buɗe ka ji wayarka ta yi zafi, kuɗin da ka loda sun tafi.

Da na tara ciniki masu yawa a littafi, sai hoton ya fito. Kamfanin Marsandi ya ƙera W123 kusan miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986, don haka ba abu ne mai wuyar samu ba. Masu kuɗi a cikinsu su ne mai dogon baya 300TD, da mai ƙofa biyu irin 280CE, da waɗanda ba su yi tafiya ba, fentinsu na kamfani, takardun gyara a jere tun daga ranar farko. Ta Baba mai ƙofa huɗu ce, mai silinda huɗu, wadda ta yi aikin tasi a rabin duniya. Ita ce ta ƙasan layi. Na kuma lura farashi ya hau sosai daga 2020 zuwa 2022, lokacin da korona ta zaunar da mutane a gida, daga baya ya ɗan lafa, amma masu talla da yawa har yanzu farashin wancan lokacin suke rubutawa. Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty yana kasa lafiyar mota kashi huɗu, daga lamba 1 wadda ake kai wa gasar nuni, zuwa lamba 4 wadda ake hawa kullum da 'yan raunukanta. Tsakanin 1 da 4 a mota iri ɗaya kuɗi na iya ninkawa sau da yawa. Ni dai a raina na ce ko 4 ɗin ce a ba mu.

Akwai abin da ya sa min rai. Ta Baba zubin Turai ce, mai siririn bamba da giyar hannu, kuma Amurkawa suna son wannan fiye da tasu mai bamba kamar benci. Sitiyarinta a hagu yake, tunda Gana ta koma tuƙi a hannun dama tun 4 ga Agusta 1974. Dokar Amurka kuma tana barin a shigar da motar da ta haura shekara 25 ba tare da an tilasta ta cika ƙa'idojin sababbi ba. Da wannan ƙwarin gwiwa na sa aka jawo ta zuwa Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, wajen Masta, tsohon makanikin da ya riƙe ta tun ina makarantar allo.

Masta bai ko buɗe bonet ba sai da ya gama dariya. "Ɗana, wane injin kake nema? Na kamfani? Ni na cire shi da hannuna." Ashe tun shekarun 1990 aka sa mata wani hom-yus, abin da 'yan Najeriya ke kira tokumbo, kuma ba wanda ya ajiye tsohon. Ya ɗauko ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ya bi jikin motar da shi. A ƙofar gaba ya kama, a bayan tayar hagu ya zame ya faɗi ƙasa, don abin da ke wurin ba ƙarfe ba ne, fila ce aka cika aka shafe da fenti. Sau biyu aka yi mata fenti. Mitar tafiya ta tsaya tun ban yi aure ba. Kujerun an sake musu riga a nan Magazin da wata leda mai ƙyalli, wadda Baba ya yi alfahari da ita sosai a lokacin. Da muka ɗaga kafet a gefen direba, ƙasar Suame na gani ta wani rami da hannuna zai shige.

Duk da haka, da aka sa batir aka zuba sabon mai, a juyi na huɗu ta tashi, ta cika wurin da baƙin hayaƙi, yaran gareji suka yi ihu. Da Masta ya murɗa makulli ya zare, ta ƙi mutuwa, tana ta kaɗawa abinta. Injin dizal na wannan zubin da zuƙar iska ake kashe shi, in tiyo ya tsage sai dai ka buɗe bonet ka danna wani ɗan ƙarfe a jikin injin. Na tuna Baba yana yin haka a ƙofar gida da babbar riga, muna yara muna zaton wani sirri ne. A nan ƙwalla ta zo min, na juya kamar hayaƙi ne.

Ban haƙura ba. Na ɗauki hotuna kamar yadda na ga ana yi, ban ɓoye ramin ba, na tura wa wani shafin gwanjo na Turai da ba zan kama sunansa ba. Sai da na yi mako biyu ina jira kafin amsa ta zo, layi uku: motar ba ta dace da kasuwarsu ba, kuma ba sa karɓar wadda take wajen ƙasashen da suke aiki. Da sun rubuta wannan a shafin farko da ban ɓata kuɗin mai hoto ba. Amma ko da sun karɓa, na zauna na yi lissafi. Jan mota daga Kumasi zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema, da kwantena, da wakilin fito, da takardun hukumar rajistar motoci ta DVLA da har yanzu suke da sunan mamaci, da kuɗin sauka a can, duk kafin wani ya ce ya taya. Mai saye kuwa duk wannan zai cire daga tayinsa, ya ƙara cire ladan tsoro.

Na gwada wani shafin talla na nan gida, don dai in ji bakin kasuwa. A kwana uku na samu kira fiye da ashirin. Rabi 'yan kayan gyara ne masu son su farke ta su sayar gunduwa-gunduwa. Ɗaya ya ce daga Jamus yake, ya amince da kuɗin ba ko ragi, sai dai in fara tura masa na wakilin jirgi ta mobayil moni. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Mutum biyu ne kawai suka zo da ƙafarsu suka duba, ɗaya mai ba da hayar motocin biki ne daga Akara, kuma tayinsu bai yi nisa da juna ba, bai kuma yi nisa da kuɗin da Masta ya yi mata tun ranar farko ba.

In za a tambaye ni ko shafukan gwanjon nan sun yi min amfani, zan ce ƙwarai, amma a matsayin ma'auni. Mai Fijo 504 ko tsohuwar Land Cruiser ko Marsandi a bayan gida, ya shiga ya duba waɗanda aka sallama, ya karanta abin da 'yan sa-ido suke tonowa, sannan ya je ya duba tasa a waɗannan wuraren da fitila a hannu. Kada ya tsaya a kan labarin Marsandi 300 SLR ta 1955 da aka sayar Yuro miliyan 135 a 2022, wadda guda biyu kacal aka ƙera irinta. Ƙanena ya turo min wannan ma. Wajen sayarwa daga nan kuwa, sai motar da take da injinta na asali da takardunta, wadda kuɗinta za su iya ɗaukar nauyin teku.

Na kai wa Malam littafina da tayin mutum biyun da maganar Masta. Ya ɗauki matsakaici, aka fitar wa Hajiya tumuninta, aka raba saura. Ni na karɓi motar a cikin rabona, na cika wa 'yan'uwa abin da ya hau. Hajiya ta ce in dai zan riƙa kai ta asibiti da ita, a toshe ramin nan tukuna, ba za ta je da zani cike da jar ƙasa ba. An yi waldar makon jiya. Tiyon iskar ne ba mu samu ba, Masta ya aika a duba Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Akara, kafin nan ni ma ina buɗe bonet a ƙofar gida. Mai dala 45,000 ɗin nan kuwa na leƙa shekaranjiya, tana nan a shafin, an rage mata kuɗi sau biyu. Na tura wa ƙanena hoton, ya gani, bai ce komai ba.