Hattara da agogon da wai yake auna bugun zuciya da suga da hawan jini

Jama'a, duk wanda ya ci karo da tallan nan da ke yawo a WhatsApp da TikTok, na wani agogon hannu wai yana auna bugun zuciya da hawan jini da suga, har ma yana narkar da teɓa, to ya riƙe kuɗinsa. Ni dai na riga na faɗa, kuma har na jefa wata a ciki.

Bayan sallah likita ya ce in rage ƙiba, in riƙa tafiyar sassarfa kullum da safe. Sai ga tallan nan, agogo tsaf a kwali mai sheƙi, kai ka ce Apple Watch ne. Ɗaya naira dubu 22, biyu dubu 40, kuma sai an ga alat kafin a ba ɗan aike. Na ɗauki biyu: ɗaya nawa, ɗaya na Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai ciwon suga, wadda ta gaji da huda yatsa.

Kwana uku ina murna. In na duba in ga 72, in ga 76, in ga 78, daidai da abin da ake so, tunda bugun zuciyar babban mutum yana hutawa tsakanin 60 ne da 100 a minti ɗaya. Rana ta huɗu na hau benen ofishinmu da gudu har hawa na uku, ina haki kamar wanda kare ya biyo, na duba: 74. Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna, ƙasan babban yatsa, na ƙirga na daƙiƙa 30, na samu 61. In ka ninka, 122 ke nan. Ashe agogon lambobi kawai yake jefo mini.

Na kai shi wurin wani mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Ya ɓalle bayansa, ya yi dariya, ya nuna mini ƙananan ƙwayayen fitila biyu masu kore, shi ke nan. Agogon gaske yakan haska koren haske cikin fata, jini ya shanye wani sashe, sannan wani ɗan ido da ke tsakanin fitilun ya karɓi hasken da ya dawo. Duk bugu ɗaya jini kan ƙaru a jijiya, hasken da ke dawowa ya ragu, da haka yake lissafi. Nawa ba shi da wannan idon sam. Fitila ce kurum, don mai saye ya ga tana ƙiftawa hankalinsa ya kwanta.

Wasu kan ce a ɗora agogo a kan tebur ko ayaba, in ya nuna lamba to jabu ne. Wannan bai isa ba, domin ko na ainihi akan ruɗe shi da irin haka. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka motsa jiki har ka fara haki, sannan ka kwatanta da abin da yatsunka suka ƙirga. A yi shi a gaban mai kaya, kafin kuɗi su bar hannu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali na Gwaggo ne. Na je gaishe ta, tana ganina ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, agogon nan ya ce na warke." Kwana huɗu ba ta sha magani ba, saboda kullum yana nuna mata suganta 5 da ɗigo wani abu, wato lafiya lau. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri mu huda sau ɗaya." Na'urarta ta gwajin suga ta nuna 14, wato ya hau sosai. A ranar muka koma asibiti. Daga baya na ga cewa tun a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi mutane kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba.

Ga masu neman rage ƙiba irina, ko agogon gaske yana da iyaka. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60. Wajen bugun zuciya shida sun yi daidai gwargwado, amma wajen ƙiyasin kalorin da jiki ya ƙona, mafi kyawunsu ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe da kashi 93. To in manyan kamfanoni haka, ina ga wannan? Maganar narkar da teɓa kuwa, agogo ba ya ƙona ko ƙwayar kitse. Kada wani ya ga an rubuta masa ya ƙona kalori 600, ya je ya ƙara malmalar tuwo.

Da na kira mai kayan, cewa ya yi, "Yallaɓai, ba ka iya saita shi ba ne." Na tura masa hoton cikin agogon, ya toshe lambata. Makon jiya ƙanena ya nuna mini shi a Facebook, ya canja sunan shago, amma lambar asusun banki ita ce dai wadda na tura wa dubu 40. Yanzu zobe yake tallatawa.