Sluzhebny Roman: fim ɗin soyayyar ofis a tashar Mosfilm

Kamfanin shirya fina-finai na ƙasar Rasha, Mosfilm, ya ɗora wannan fim na 1977 kyauta a tasharsa ta YouTube, kashi biyu, sama da awa biyu da rabi. Hoton fes yake. Eldar Ryazanov ne ya ba da umarni, shi da Emil Braginsky suka rubuta labarin daga wasan dandamalinsu.

Alisa Freindlich ce Kalugina, shugabar ofishin ƙididdiga a Mosko, mace mai ɗaure fuska, kullum cikin kwat mai duhu. Andrey Myagkov ne Novoseltsev, ƙaramin ma'aikaci mai in'ina idan ya tsorata, yana rainon 'ya'yansa maza biyu shi kaɗai. Abokinsa Samokhvalov, wato Oleg Basilashvili, ya zuga shi ya nemi shugabar don ya samu ƙarin girma, wasa ya zama gaske.

Inda fim ɗin ya fi armashi shi ne lokacin da sakatariya Verochka, Liya Akhedzhakova, take koya wa uwar ɗakinta takun mace. Freindlich tana rangwaɗa a tsorace, kafaɗa a sanƙare, abin dariya da ban tausayi. Labarin Olga, Svetlana Nemolyaeva, wadda aka tona asirin wasiƙunta na soyayya a ofis, yana sosa rai ƙwarai.

Aibinsa a fassarar ƙasan allo yake. Masu wasan suna magana da sauri, rubutun yana wucewa kafin a gama karantawa. A rage saurin bidiyon zuwa 0.75 a wuraren cacar baki. Farkon kashi na ɗaya yana jan ƙafa, sai an yi haƙuri.