Labulen Yadi ko na Naɗi: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Kafin a taka Kantin Kwari ko wata kasuwar yadi, a fara tsayawa gaban tagar da la'asar. Idan ta kalli yamma, rana za ta riƙa dukanta har magariba, kuma yadi mai duhun launi ba ya daɗewa yake koɗewa a nan, ya bar zane-zane a wuraren ninki. Irin wannan taga tana son shafi fari a bayan labulen, domin shi zai sha ranar, ya kuma rage zafin da ke shigowa. Tagar da ke kallon arewa ko katangar maƙwabta ba ta buƙatar wannan ƙarin kuɗin.

Labulen yadi shi ne ya fi dacewa da yawancin gidajenmu, dalili kuwa ƙurar hunturu. Ana sauke shi, a wanke, a mayar. Yadin roba, wato foliyesta, ba ya tsukewa, yana saurin bushewa, ga araha. Na auduga ya fi shan iska, sai dai yana raguwa a wankin farko, don haka a jiƙa shi ya bushe kafin a kai wa tela, in ba haka ba labulen da ya taɓa ƙasa zai koma ɗangale. Shara-shara mai kama da leshi yana rufa asiri da rana kawai. Da an kunna fitila da dare, na waje yana ganin komai. Ba a barinsa shi kaɗai a ɗakin kwana.

Labulen naɗi, wanda ake jan sarƙa ya naɗe sama, ya fi kyau a kicin da ƙananan tagogi, inda dogon yadi zai kwashi maiƙo ko ya kusanci wuta. Tsumma mai ɗan ruwa ya ishe shi. Wanda ake kira dare-da-rana, mai layi-layi na kauri da shara-shara, yana da kyan gani a falo, amma ƙura na shiga ragarsa, ba ya wankuwa a baho, kuma idan na'urar naɗin ta lalace sau da yawa sai an sake shi gaba ɗaya. Mai falle-fallen alminiyam kuwa, wanda ba shi da haƙurin goge falle ɗaya bayan ɗaya ya haƙura da shi. A gidan da ke da ƙananan yara, a ɗaure sarƙar can sama a jikin bango, saboda tana iya shaƙe wuyan yaro. A baranda kuma har yau asabari bai tsufa ba: yana tare rana, iska na ratsa shi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen lissafin yadi. A ɗauki taga mai faɗin santimita 120. Sanda za ta zarce ta da 20 a kowane gefe, ta zama 160, yadda idan an zuge labulen ba zai tare haske ba. Yadin kuma sai ya ninka tsawon sanda sau 2 kafin ya yi tattara mai kyau, wato 320. Idan yadin mai babban faɗi ne, irin na santimita 280, faɗin ne zai zama tsayin labulen, yadi 3 da rabi ya wadatar. Idan mai faɗin 150 ne, sai an yanka falle 2, kowanne da tsayin labulen da ƙarin kusan 25 na kalmasa. Ga labule mai tsayin 240, abin ya kusan yadi 6 ke nan. Shi ya sa wanda aka ce ya fi araha a kan kowane yadi yakan fi tsada idan an gama lissafi. A tambayi faɗi kafin a tambayi farashi. Labulen gwanjo yana da rangwame, wani ma da shafinsa yake zuwa, amma a ware shi a ɗaga wa haske: inda rana ta cinye zaren, nan take yake nunawa.

Sanda ba wurin tsuke hannu ba ce. Siririyar nan mara nauyi tana lanƙwasa a tsakiya da zarar ta ɗauki yadi mai shafi. A nemi mai kaurin milimita 25 ko 28, kuma idan tsawonta ya kai mita 2 a ƙara mariƙi na uku a tsakiya. In labule mai zobe ne, a gwada zoben a jikin sandar tun a shago, ya zama yana zamewa ba tare da cijewa ba, a kuma gaya wa tela adadin zobban kowane falle ya zama mai rabuwa biyu daidai, kamar 8 ko 10, don gefunan biyu su juya wajen bango. Wayar labule mai rufin roba ta shara-shara ce kawai.

Wajen kafawa, a ɗaga sanda santimita 10 zuwa 15 a saman taga, a auna tsayi daga nan, a bar kamar yatsa ɗaya tsakanin labule da ƙasa saboda shara da goge-goge. Kada a biye wa bakin tagar, don ba kowane magini ne ke daidaita shi ba. A ja layi da ma'aunin ruwa, wato abin da magina ke duba daidaiton gini da shi. Ƙusar kankare tana fasa filasta, ta saki bayan 'yan kwanaki. A huda da injin huda bango mai baki na milimita 6, a busa ƙurar ramin, a cusa fisha, wato 'yar robar da ke riƙe sukuru a cikin bango, sannan a ɗaura sukuru. Daidai saman taga akwai lintal na kankare da rodi, yana da tauri amma ya fi riƙo; sama da shi bulo ne mai rami a ciki, inda gajeriyar fisha kan faɗa. Kada a huda a saitin soket ko makunnin fitila, nan waya take bi.

Mai son labulen naɗi a cikin ramin taga ya auna faɗin a sama, tsakiya da ƙasa, ya ɗauki mafi ƙanƙanta, ya rage santimita 1. Idan ƙarfen tsaro ya cinye ramin, kamar yadda yake a gidaje da yawa, sai a kafa shi a waje, ya zarce bakin tagar da santimita 5 zuwa 8 ta kowane gefe don kada haske ya riƙa leƙowa.