Filtar takardar hoto mai sauya kaifi: wadda ta fi dacewa da mai ɗakin duhu

Takardar hoton baƙi da fari mai sauya kaifi, irin Multigrade ta kamfanin Ilford na Ingila ko Fomaspeed Variant ta kamfanin Foma na ƙasar Cek, tana amsa haske iri biyu. Koren haske yana fitar da hoto mai taushi, mai yalwar ruwan toka, shuɗi kuma yana fitar da mai kaifi, inda baƙi da fari suke rabuwa sosai. Filta mai ruwan ɗorawa tana tare shuɗi, mai launin majenta (ja mai sirkin shuɗi) tana tare kore, kuma a kan wannan ne duk abin da ake sayarwa a kasuwa ya dogara. Idan ba a sa filta ba, takardar tana bayar da kusan mataki na 2 a ma'aunin kaifi, wanda ke tashi daga 00 mafi taushi zuwa 5 mafi kaifi.

Hanya mafi arha ita ce jerin filtocin Ilford guda 12, daga 00 zuwa 5, rabi-rabi. Babban amfaninsu shi ne an daidaita su ta yadda lokacin haskawa ba ya canzawa daga 00 har zuwa 3½, sai a 4 zuwa 5 ne ake ƙara shi gwargwadon irin takardar, don haka mutum yana iya gwada mataki uku ko huɗu ba tare da ya sake neman lokaci daga farko ba. Iri biyu ne: falle-fallen da ake sakawa a aljihun na'urar faɗaɗa hoto da ke saman negatif, da waɗanda ake rataya a ƙarƙashin lens. Idan na'urar faɗaɗa hotonka tana da aljihu, na sama sun fi, domin ƙura ko karce a jikinsu ba ya shiga tsakanin lens da takarda. Na ƙasa kuwa suna da nasu alfanu, tun da ana iya sauya su ba a taɓa kan na'urar, wato ɓangaren da fitila take ciki, ba, abin da ke da muhimmanci ga mai haska takarda ɗaya sau biyu, da 00 sannan da 5. A ganina kada a sayi tsofaffin filtoci na hannu komai arharsu, saboda rininsu yana kodewa da shekaru, musamman majenta, sai lamba 4 ta riƙa yin aikin lamba 3 mai ita bai sani ba.

Hanya ta biyu ita ce kan na'ura na buga hoto mai launi, irin na Durst, Meopta ko LPL, mai maƙunnai uku da ake murzawa. Filtocin cikinsa na gilashi ne, ba sa kodewa, kuma suna ba da kowane mataki da ke tsakanin lambobi. Sai dai lambobin kamfanoni ba ɗaya ba ne: akwai kan Durst da majentarsa ke tsayawa a 130, akwai mai kaiwa 170, masu bin ma'aunin Kodak kuma suna kaiwa kusan 200, shi ya sa dole a bi jadawalin da ke cikin kwalin takarda. Mai murza launi ɗaya kaɗai zai riƙa gyara lokaci a kowane sauyi, mai haɗa ɗorawa da majenta kuma zai sami lokaci mai ɗan daidaito amma mai tsawo. Da yawa daga cikin waɗannan kawuna ba sa kaiwa cikakken mataki na 5. Idan da shi na'urar ta zo, a yi aiki da shi, a ajiye filta lamba 5 a gefe. Amma ban ga dalilin sayensa daban don baƙi da fari kaɗai ba.

Kawunan da aka ƙera musamman don wannan takarda, kamar Multigrade 500 na Ilford, VCCE na LPL, da fitilar LED ta Heiland ta Jamus, sun fi sauƙin aiki kuma sun fi tsada, sun dace da mai buga hoto kullum. Multigrade 500 tsohon kaya ne, sai a gwada akwatin sarrafa shi kafin a biya.

Inda wutar lantarki take hawa da sauka, ko ake aiki da janareto, kwan fitilar tungsten ko halojen yana ƙara ja idan wuta ta yi ƙasa, shuɗinsa ya ragu, kaifin hoto da lokacin haskawa su sauya tare. Mai irin wannan wuta ya fara ware kuɗin sitabilaiza, sannan ya sayi sabbin filtoci 12 da abin da ya rage.